Limamin Benci Ya Zama Koci

Shekara huɗu abokina ya yi a ƙungiyarmu ta ƙwallo a Damagaram, kuma a iya sanina rigarsa ba ta taɓa jiƙewa da gumi ranar wasa ba. Mai tsaron gida ne na biyu, a bayan wani dogo wanda ko mura ba ya yi. Kullum yana kan benci, ya yi tagumi, yana kallo. Muna tsokanarsa da limamin benci, shi kuma ya yi dariya ya ce ai ko'ina sai da liman. Ni ne lamba tara. Sunana ake ihu a fili, ni masu shayi ke cewa in sha kawai in tafi. Na faɗi wannan tun da wuri domin a gane inda ciwon yake. Yau shi ne kocin ƙungiyar ɗalibai a wata jami'a a Bron, kusa da Lyon, kuma aikin nan ni na je nema.

Ni ƙwallo ne ya kawo ni Faransa. Wata ƙaramar ƙungiya a bayan garin Paris ta kira ni gwaji, na yi mata shekara ɗaya da rabi, sai gwiwar dama ta ce ita ta gama. Aka yi aiki, aka ɗinke, amma gudun bai dawo ba. Komawa gida da ɗingishi hannu rabbana ta yi mini nauyi, sai na zauna. Wani Alhaji ɗan Maraɗi mai shagon sari a Aubervilliers ya ɗauke ni, ina sauke katan-katan na takalma da jakunkuna, ina kwana a gidan ma'aikata a Montreuil. Shi kuma abokina boko ne ya kawo shi Lyon, yana karatun labarin ƙasa. Duk ranar Laraba yana zuwa wani fili a unguwarsu yana taya masu kula da filin horar da 'yan makaranta, har suka tura shi wani ɗan kwas ya samu takarda. Da ya gaya mini, dariya na yi. Na ce wanda bai taɓa kama ƙwallo a gaban jama'a ba shi zai koya wa wasu, lallai Turai akwai abin mamaki.

Shi ne ya ga sanarwar a manne a allon jami'arsu. Ana neman wanda zai riƙe ƙungiyar maza, atisaye ranar Litinin, wasa ranar Alhamis da rana, domin a can ranar Alhamis ake sakin ɗalibai su yi wasanni. Ya kira ni yana murna, ya ce, "Mutumina, aikinka ya hito. Ka aiko da takardunka in kai musu."

Ba ni da wasu takardu in ban da katin ɗan wasa da ya fara gogewa da hotuna uku. Duk da haka aka kira ni ganawa. Sati biyu na yi ban yi barcin kirki ba. Na riga na ga kaina da usur a wuya, na bar katan, na bar warin roba, ina tsaye a bakin layi ana jiran abin da zan ce. Wannan kaɗai nake so a duniya a lokacin, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban daina so ba.

Na gaya wa Alhaji abin da ake ciki, na ce an ce za su tambaye ni tarihina, in faɗi da bakina. Ya ajiye carbi ya dube ni.

"Da bakinka? Ka zamna gaban mutane kana ni ne, ni ne? Yabon kai jahilci, ɗana. Ko aure mutum ya tahi nema, ba shi ke magana ba, magabata ke yi mai. Ka tahi da wanda ya san ka, shi yi maka baki, kai ka riƙe girmanka."

Maganar ta shige ni, domin haka na taso. A gidanmu in baƙo ya tambaye ka ko ka iya wani abu, amsarka ita ce kana dai taɓawa. In akwai yabo, wani ne zai tashi ya yi, kai kuma ka sunkuyar da kai kamar ba da kai ake ba. Kuma wa ya san ni fiye da wanda ya yi shekara huɗu yana kallona daga benci? Ga shi Faransancinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Da na ce masa shi zai raka ni, ya ce nan ba a yin haka. Na ce ko dai yana ƙyashin ya yabe ni ne? Sai ya ce to, shi ke nan, mu je.

Shugabar sashen wasanni wata farar mata ce mai furfura a gaban goshi, ofishinta cike da kofunan gasa da ragar ƙwallaye a bayan ƙofa. Ta ga mun shigo mu biyu, ta ɗaga gira. Na ce ɗan'uwana ne. Ina jin ta ɗauka tafinta na kawo, domin ta jawo masa kujera. Bayan gaisuwa, wadda ba ta kai a kira ta gaisuwa ba, ta ce in ba ta labarin wasana. Na dubi takalmina na ce na ɗan taɓa. Ta jira. Ni ma na jira. Sai na taɓa abokina da gwiwa.

Wallahi ya yi mini baki. Ban taɓa jin an yabe ni haka ba, kuma ban ƙara ji ba. Bai yi irin yabon maroƙa ba. Ya ɗauko wani wasa da muka yi da wata ƙungiya daga babban birni, wanda na ci biyu, ya ce mata bari ya nuna mata yadda aka yi. Ya jawo kofin shayinta ya ce wannan ne babban mai tsaron bayansu. Ya jera alƙaluma uku, ya sa maƙullan motarta a tsakiya ya ce ni ne. Ya nuna mata yadda duk rabin farko nake ja baya ina janye kofin daga wurinsa, da yadda rami ya buɗe a bayansa, da yadda na faɗa ramin sau biyu bayan hutu. Ni kaina ban san haka na yi ba. Abin da na sani shi ne na ga ƙwallo na bi shi.

Matar ta matso da kujerarta. Ta ɗauki alƙalami ɗaya ta mayar da shi baya ta ce, da kocinsu ya yi haka fa? Abokina ya ce da ya yi haka da sai a buɗe ta gefe, ya matsar da maƙullan. Ta sake wata tambayar, ya sake amsawa. Suka yi ta tura kofi da alƙaluma a kan tebur kamar masu dara. Ni kuwa ina zaune na harɗe hannu, ina murmushi kamar ango, ina cewa a raina yau an san ko ni wane ne. Can ta tambaye shi shi a ina yake a ranar. Ya ce a benci. Ta ce na tsawon wane lokaci? Ya ce shekara huɗu. Ta yi dariya, ni ma na taya ta. Ta ce ko yana da takardar horarwa? Ya ce ƙarama ce, ta matakin farko. Ta rubuta wani abu. Ni a lokacin ina duban kofunan da ke kan kanta, ina zaɓar wurin da za a ajiye nawa.

A taram, ɗan jirgin ƙasan nan na cikin gari, muna komawa tsakiyar Lyon, na dafa kafaɗarsa na ce in aka ba ni zan riƙa kiransa yana ɗauko mana ƙwallaye. Bai yi dariya ba, yana ta kallon taga.

Bayan kwana goma wasiƙa ta same ni a Montreuil, layi huɗu, cike da ladabi. Sun gode, amma ba su ɗauke ni ba. Washegari ina kan tsani a shago wayata ta yi ƙara. Shi ne. Ya yi doguwar gaisuwa irin wadda ba mu saba yi a waya ba, ya tambayi Alhaji, ya tambayi gwiwa, ya tambayi sanyi. Daga nan na san akwai magana.

"Madam ɗin nan da muka gani a ofis ta kira ni," ya ce. "Ni suke so su ba. Wallahi ban nema ba. In ka ce kar in amsa, ba ni amsa."

Me zan ce? A ce namiji ya buɗe baki ya ce wa abokinsa kar ka ci arzikinka saboda raina zai ɓaci? Na ce, "Haba, mi ke nan? Ai da ni da kai duk ɗaya ne. Allah shi sa albarka." Har dariyar yaƙe na yi masa. Da na kashe wayar na sauko daga tsani na shiga bayan katan-katan na zauna, na daɗe ban fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gwiwata ce ta fashe, gumina ne ya zuba a filin nan, labarina ne aka shimfiɗa a kan tebur, amma da aka tashi rabo sai aka miƙa wa mai ba da labarin.

Daga ranar na kamu da wata ɗabi'a da ban taɓa gaya wa kowa ba. Jami'o'i da yawa suna da shafi a intanet inda suke jera masu horar da ɗalibansu, da hoto da ɗan tarihi. Duk lokacin hutun cin abinci, maimakon in yi hira da abokan aiki, sai in koma gefe da burodina in yi ta karantawa. Na san su kamar 'yan unguwarmu. Akwai malamin motsa jiki da ya shekara ashirin a makarantar sakandare kafin ya zo jami'a. Akwai tsohon alƙalin wasa mai tumbi. Akwai wata mata da ta buga wa ƙungiyar garinsu har ta haihu, ta koma karatu, ta dawo da takardu uku. Akwai wanda ya fara da tuƙa motar ƙungiya. Kowanne sai in auna shi da kaina in ce wannan ko ɗaurin takalmi ba zai koya mini ba. Ban ga ko ɗaya da aka taɓa yi wa ihun da aka yi mini ba, amma kowa da usur ɗinsa.

Na abokina nake bari a ƙarshe, kamar mai ɓare ƙurji. Hotonsa da rigar jami'a, yana murmushin nan nasa na marasa laifi. An rubuta cewa ya yi shekara huɗu a wata ƙungiya ta rukunin farko a Nijar. Ba ƙarya ba ce, kuma shi ya sa take ƙona ni. Babu inda aka ce a zaune ya yi su. Shekara na zagayowa aka ƙara layi, ya samu takarda ta biyu. Wata shekarar aka ƙara cewa ya kai ɗalibai zagayen ƙarshe na yankinsu. Ni kuma tarihina yana nan a bakin masu shayin Damagaram, waɗanda rabinsu sun tsufa, sauran sun koma yi wa wani sabon yaro ihu.

Bai daina kirana ba. Duk Juma'a sai ya kira ya ba ni labarin wasan jiya, ya tambaye ni shawara, ni kuma in ba shi a taƙaice kamar mai ba da sadaka. In sun ci in ce abokan karawar ne ba su da ƙarfi. In an ci su in ji wani sanyi a ƙirjina, sannan in ji kunyar sanyin, sannan in ji haushinsa da ya sa ni jin kunya. Alhaji ya lura. Wata rana ya ce mini, "Ɗana, hassada ga mai rabo taki ce." Na ce, "To Alhaji, ai ni na gama yi wa gonarsa hidima, saura ya aiko mini da zakka." Ya yi dariya har da tari, amma ni ba wasa nake yi ba.

Shekara uku muna haka. Sai wata Asabar ya kira ni, muryarsa a ƙasa. Tsohonsa ba lafiya, an ce ya zo, gobe zai tashi. Ya ce sati ɗaya yake so in riƙe masa ɗalibai, atisayen Litinin da wasan Alhamis. Ya riga ya yi wa Madam magana ta yarda. Sannan ya ce, "Kuma ka ji, tana son ta buɗe ƙungiya ta biyu, ɗalibai sun yi yawa. Za ta zo kallo ran Alhamis. Na ce mata kai ne ka san ƙwallo."

Na yi wa tsohon addu'a, amma gaskiya zuciyata ba ta wurin. Tana kan Alhamis. Na ce a raina yau ga ranar da matar nan za ta gane kuskuren da ta yi.

Ya bar mini maƙulli wurin maƙwabci. Ɗaki ne da falo a wani dogon bene a Bron, tsaf-tsaf kamar na mace. A kan tebur ya ajiye wani littafi mai baƙin bango, da 'yar takarda a kai cewa komai na ciki, sunayen ɗalibai da halin kowa da yadda abokan karawar Alhamis suke wasa. Na ɗaga shi na ji nauyinsa, na mayar. Ni za a bar wa littafi? A bayan ƙofa kuma rigarsa ce a rataye, mai tambarin jami'a, an rubuta koci a baya. Na rufe labule na sa ta, na tsaya gaban madubi, na juya na leƙa rubutun ta kafaɗa. Hannun ya yi mini gajere. Na cire na mayar yadda na same ta.

Atisayen Litinin ya yi daɗi. Ɗalibai kusan ashirin, masu karatun lauya da likita da lissafi, wasu da gemu, wasu da gilashi. Na karɓi ƙwallo na ɗan nuna musu abin da ya rage a ƙafar hagu, na aika shi kusurwar raga sau uku a jere, suka yi tafi. Wani dogo mai buga gaba ya ce in koya masa yadda nake juyawa da mai tsaron baya a jikina. Na ce ya kalla, na yi. Ya ce e, amma yaushe zai san lokacin juyawa ya yi? Na ce zai ji a jikinsa. Ya dube ni, ya ce to. Na koma gida ina jin kaina a sama, littafin na nan inda na bar shi.

Ranar Alhamis da hantsi ina shan shayi Alhaji ya kira. Ya ce, "Ka ji tsohon abokinka ya cika? Da asuba. Yanzu haka ana shirin kai shi." Na yi salati, na ce Allah ya jiƙansa. Tsohon ya san ni, ya sha ba mu fura a zaurensa bayan wasa. Na nemo lambar abokina, yatsana yana kai, sai na fasa. Na ce yanzu yana cikin jama'a, bari sai an tashi wasa. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Na gaskiyar shi ne ina so in kira shi da nasara a hannuna, in yi masa ta'aziyya daga sama.

Filin na roba ne, a bayan ginin jami'a, iska na kaɗawa. Madam tana tsaye a bakin waya da hannu a aljihu. Abokan karawar ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ne, ba wanda ya burge ni a cikinsu. Minti goma da farawa suka ci mu. Na yi ihu na ce a tashi. Ɗalibaina suna gudu, ba wai ba sa gudu ba, amma duk inda suka je ƙwallo ya riga ya bar wurin. Ina gani ana cin mu da yaƙi, na kasa gane ta ina ake shigowa. Idona ƙwallo kawai yake bi, kamar yadda ya saba tun ina yaro. Kafin hutu suka ƙara na biyu.

Aka busa, ɗalibaina suka taho suka zauna a kan ciyawar roba, suna haki, suka ɗago kai gaba ɗaya suna dubana. Sun saba a wannan lokacin a gaya musu abu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne su yi zuciya, su nuna su maza ne. Ba wanda ya motsa. Dogon nan ya ce, "Koci, me za mu canza?" Karo na farko ke nan da wani ya kira ni da sunan nan. Na hango Madam ta fara takowa a hankali ta wajenmu. Gumi ya keto mini a cikin sanyin nan. Na ce su sha ruwa ina zuwa, na zaga bayan ɗakin ajiye kaya, na danna lambar abokina.

Bugu biyu ya ɗauka. Na ce, "Biyu da nema, an tahi hutun rabin lokaci, ban gane komi ba."

Na ji motsi, kamar ya tashi ya matsa gefe. Ya ce, "In golansu ya kama, wa yake ba?"

Na ce wani gajere mai ɗaurin kai, a tsakiya.

"Wa ke kansa?"

Na yi tunani. Na ce ba kowa.

"To shi ne. Ka ce ma dogon nan shi bar gaba, shi dawo shi tsaya kan mai ɗaurin kai, ko banɗaki ya tahi shi bi shi. Na dama kuma shi daina hawa sai an amshe ƙwallo. Kar ka canza kowa. Kuma kar ka yi musu ihu, ba su son ihu."

Na ce to, na kashe. Ko minti biyu ba mu yi ba.

Na dawo na tsuguna a gabansu, na jawo gorunan ruwa uku na jera, na faɗi abin da aka faɗa mini da murya ƙasa-ƙasa, kamar daga kaina yake fitowa. Madam tana tsaye a bayana tana ji. Dogon ya gyaɗa kai. Aka koma, kuma abin kamar an kunna fitila. Mai ɗaurin kai ya rasa inda zai juya, golansu ya koma dogon bugu, mu kuma muna tsincewa. Muka rama ɗaya, saura minti biyar muka rama na biyu. Aka tashi canjaras, ɗalibai suka rungume ni kamar mun ɗauki kofi.

Madam ta miƙo mini hannu. Ta ce gaskiya a ganawar farko ba ta ga wannan a tare da ni ba, amma abin da na yi a hutun nan aikin koci ne, na ga matsala na gyara ta da magana biyu. Ta ce ƙungiya ta biyu tawa ce in ina so, sai dai in shiga kwas a cikin shekarar. Ta tsaya tana jiran abin da zan ce. Maganar tana bakina, gajeriya ce, ko da Faransancina zan iya faɗinta. Na dubi takalmina na ce na gode.

A taram na zauna kusa da taga ina maimaita kalmominta, ina jin daɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Mun wuce tasha biyu ko uku sai kiran nan ya dawo mini, ba maganarsa ba, abin da ke bayan maganarsa. Muryoyin maza da yawa, ana shafa fatiha, wani tsoho yana cewa Allah shi gafarta mai, ana amsawa da amin. A kan tabarmar makoki na same shi, ƙurar maƙabarta ba ta bar ƙafarsa ba. Ban yi sallama ba. Ban ce ya haƙuri ba. Mutumin da ya binne ubansa da safe na kira na ce masa biyu da nema, shi kuma ya tashi daga cikin masu gaisuwa ya koma gefe ya tambaye ni wa golansu yake ba. Na ji kamar in sauka in yi ta tafiya a ƙasa.

Na sauka a tasha ta gaba na tsaya a jikin wani shago na sake kira. Yana ɗauka, kafin in yi magana, ya ce, "Nawa aka tashi?"

Na ce biyu da biyu. Sannan na ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙan baba, shi sa ya huta. Ka yahe mini, ɗazu..."

"Amin, amin. Ba komi. Madam ta zo?"

Na ce ta zo, ta ba ni ƙungiya ta biyu.

"Alhamdu lillahi," ya ce, kuma na ji da gaske yake. "Ka gani? Ai na gaya mata."

Yanzu shekara biyu ina Bron. Na bar katan, na yi kwas ɗin, ina da usur, ina da riga daidai hannuna. Ranar Litinin muna raba fili, shi da nasa a can, ni da nawa a nan, kuma in na ɗaga kai nakan ga ɗalibaina suna satar kallon abin da yake koya wa nasa. Madam takan gaya wa baƙi labarin hutun nan a gabanmu mu biyu, shi kuma ya gyaɗa kai yana murmushi. Har yau ban gaya mata wanda ya ga mai ɗaurin kai ba. Shi ma bai gaya mata ba, bai ma taɓa tuna mini ba ko da wasa, kuma wannan ne abin da na kasa yafe masa.